Ƙure Wa Kwamfuta Gudu A Zafin Dutse: Kowa Ya Ɗebo Da Zafi Bakinsa

Tun daga watan Yunin 2023, lokacin da Babban Bankin Nijeriya ya saki naira kasuwa ta yi halinta, dala ta tashi daga wajen naira 460 har ta haura naira 1,500 a farkon 2024, sayen sabuwar kwamfuta ya zama sai wane da wane. Masu shagunan buga takardu da masu zanen katin biki da masu tace bidiyo a Dutse, daga Limawa zuwa Takur da Yalwawa, haka ma ɗalibanmu na manyan makarantu, duk sun koma lallaɓa tsofaffin na'urori 'yan gwanjo da ake sarowa daga Kano da Legas. A cikin dabarun lallaɓawar akwai wadda nake yawan jin matasa suna tattaunawa a kanta, wato tilasta wa ƙwaƙwalwar kwamfuta, ko furosesa, ta yi gudun da ya zarce wanda kamfanin da ya ƙera ta ya ƙayyade mata. Turawa na kiran wannan dabara obakulokin, ni kuwa a wannan rubutu zan kira ta ƙure gudu, kamar yadda mahayi kan ƙure wa dokinsa gudu a fagen sukuwa.

Ba laifi ba ne mutum ya nemi ƙarin aiki daga abin da ya saya da guminsa. Abin da nake so mai karatu ya lura da shi kawai shi ne, kusan duk shawarwarin da matasanmu ke kwasowa daga intanet a kan wannan dabara mutanen ƙasashe masu sanyi da tsayayyar wutar lantarki ne suka tsara su, domin irin ɗakunansu. Mu a nan, zafin gari da halin wutarmu sun riga sun cinye rarar da su can suke wasa da ita. Saboda haka duk wanda zai taɓa gudun kwamfutarsa a Jigawa ba tare da yana auna zafinta da matsin lantarkin da ke shiga cikinta ba, to caca yake yi da jarinsa.

Mece ce ƙure gudu?

Ƙwaƙwalwar kwamfuta tana aiki ne bisa bugun wani agogo da ke cikinta. Idan aka ce furosesa tana gudun gigahaz 3, ana nufin agogon nan yana bugawa sau biliyan uku a daƙiƙa guda. Kamfani kan gwada kowace ƙwaƙwalwa, sannan ya ajiye gudunta a ƙasa da iyakar abin da za ta iya, domin ta yi aiki lafiya shekara da shekaru. Wannan tazara da ke tsakanin gudun da aka rubuta da wanda za ta iya, ita masu ƙure gudu ke farauta.

Dabarar ba sabuwa ba ce. A shekarar 1998 kamfanin Intel ya fitar da wata furosesa mai araha mai suna Celeron 300A, wadda aka rubuta mata megahaz 300, sai masu sha'awa suka gano cewa da ɗan canji kaɗan a saitin allon kwamfutar tana kaiwa megahaz 450, ta yi kafaɗa da kafaɗa da masu tsada. Daga baya abin ya zama gasa, har a watan Disambar 2022 wasu ƙwararru suka kai Core i9-13900K sama da gigahaz 9. Amma fa da ruwan iskar hiliyom suka sanyaya ta, wanda sanyinsa ya kusa digiri 270 ƙasa da sifiri. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa ba gudun ne ke da wuyar samu ba, fitar da zafin da gudun ke haifarwa shi ne aikin.

Lissafin zafi

Duk lantarkin da furosesa ta ci, zafi yake komawa. Ƙa'idar da injiniyoyi suka sani ita ce, cin wutarta yana ƙaruwa daidai da ƙarin gudu, amma game da matsin lantarki, wanda ake aunawa da bolt, ƙaruwar ninki ce, wato ana buga adadin da kansa. Ga shi kuma da wuya ƙarin gudu ya zauna daram sai an ƙara matsin. Alal misali, idan mutum ya ɗaga matsin daga bolt 1.20 zuwa 1.35, ya kuma ƙara gudu da kashi 15 cikin ɗari, zafin da ƙwaƙwalwar za ta fitar zai ƙaru da kimanin kashi 45 cikin ɗari. Ribar kashi 15, kuɗin shiga kashi 45.

Sai batu na biyu, wanda a nan ne muka rabu da mutanen Turai. Fankar kwamfuta ba firji ba ce, ba ta ƙirƙirar sanyi. Iskar ɗaki take kwasowa ta hura wa ƙarfen da ke tsotse zafin furosesa, don haka zafin ƙwaƙwalwa kullum a kan zafin ɗaki yake hawa. Mu ɗauka wata na'ura tana ɗora digiri 45 a kan zafin ɗaki idan aiki ya yi nauyi. A ɗakin da ke digiri 22 a ma'aunin Salsiyas, za ta tsaya a 67. Idan aka ƙure mata gudu kamar yadda muka lissafa, ɗorin ya zama kamar 65, ta kai 87, kuma har yanzu da sauran numfashi. Yanzu a kawo wannan na'ura shago mai rufin kwano a Limawa da ƙarfe biyu na rana a watan Afrilu, lokacin da zafin gari kan kai digiri 40 ko ya wuce. Tun ba a taɓa saitinta ba tana 85. Aka ƙure ta kuwa, lissafi ya ba da 105, alhali iyakar da Intel ya sa wa galibin ƙwaƙwalensa digiri 100 ce, ta AMD Ryzen jerin 7000 kuma 95.

Idan furosesar zamani ta isa wannan iyaka, da kanta take rage gudu don ta tsira, in abin ya faskara ta kashe kwamfutar ɗungurungum. Ma'ana, wanda ya ƙure gudu a cikin zafi yana iya ƙarewa da na'urar da ta fi ta da nawa, ga ƙarin cin wuta. Garin neman ƙiba an samo rama. A da ma wannan kariyar ba kowace furosesa ke da ita ba. A shekarar 2001 mujallar Tom's Hardware ta yi wani gwaji da ya shahara, inda ta cire ƙarfen sanyaya ana tsakiyar aiki: Pentium 4 ta rage gudu ta tsira, Athlon ta wancan zamani kuwa ta yi hayaƙi ta ƙone nan take.

Mai karatu ya duba takardar da ke zuwa da kwamfutar tafi-da-gidanka. Kamfanin Apple, alal misali, ya rubuta cewa a yi amfani da nasa a wurin da zafinsa ke tsakanin digiri 10 zuwa 35, kuma digiri 35 ɗin nan ita ce iyakar da kamfanoni da dama ke rubutawa. Ke nan a watannin Maris da Afrilu da Mayu, duk wanda ke aiki a ɗakin da babu na'urar sanyaya iska a yankinmu ya riga ya fita daga sharaɗin masu ƙira tun kafin ya taɓa komai. Ga kuma ƙurar hunturu da ke toshe hanyoyin iska daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ta yadda na'ura kan shiga bazara da maƙogwaro a cushe.

Kalma ɗaya, ma'ana huɗu

A matsayina na mai nazarin harshe, akwai wani ɓangare na matsalar da ya fi ɗaukar hankalina. Bahaushe ya aro kalmar wuta ya ba lantarki, aron kuma ya yi armashi. Sai dai a bakin mai gyara da mai kawo gyara, "ƙarfin wuta" na iya nufin matsin lantarki, ko yawan kwararar sa a waya, ko yawan abin da na'ura ke ci, ko ma zafin da take fitarwa. Abubuwa huɗu ne mabambanta, kowane da ma'auninsa: bolt, amfiya, wat da digiri. Idan saurayi ya ce wa mai gyara "ƙara mata wuta ta yi sauri", babu wanda ya san takamaimai abin da aka yi ciniki a kansa.

Shawarata ita ce mu ɗauki misalin ruwan famfo. Akwai matsin da ke tura ruwa a bututu, akwai kuma yawan ruwan da ke kwarara. Sai mu ce matsin lantarki ga abin da ake aunawa da bolt, kwararar lantarki ga amfiya, cin wuta ga wat, mu bar wa zafi sunansa. Wannan ba wasan malaman jami'a ba ne. Wanda ya ji kalmar matsi ya san cewa bututu na iya fashewa. Wanda ya ji ƙarfi kuwa alheri kawai yake hangowa, domin a wurin Bahaushe ƙarin ƙarfi ba ya zama aibu. Magabatanmu sun yi irin wannan aiki ga fannin harshe da adabi a Kamus na Keɓaɓɓun Kalmomi na 1990, Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya ta Jami'ar Bayero kuma ta fitar da Ƙamusun Hausa a 2006. Bencin mai gyaran kwamfuta ma yana buƙatar irin wannan hidima.

Rarrabewar tana da amfani nan take, domin matsi iri biyu ne ke shafar kwamfuta. Na farko shi ne na soket ɗin bango, wanda a ƙa'idar Nijeriya bolt 230 ne. Na biyu shi ne wanda ke isa furosesa bayan akwatin wutar kwamfuta da allonta sun sauke shi zuwa bolt ɗaya da ɗoriya. Manhajar da ke nuna matsi a fuskar kwamfuta na ciki kawai take gani, ba ta san abin da ke faruwa a bango ba. Duk wanda ke zaune a Jigawa, wadda kamfanin KEDCO ke raba wa wuta tare da Kano da Katsina tun bayan sayar da kamfanonin rarraba lantarki a 2013, ya san yadda ƙwan fitila kan dushe wani lokaci, ya san fizgar da kan biyo bayan dawowar wuta, ya kuma san yadda ƙaramin janareta kan yi tangaɗi idan an ɗora masa kaya. Na'urar da ke zaune a saitin kamfani tana da rarar da za ta shanye ɗan wannan tangal-tangal. Wadda aka ƙure tana tsaye ne a bakin rami.

Manya ma abin ya ci su

Kada a ɗauka matsalar matsi ta 'yan koyo ce kawai. A watan Afrilun 2023 masu amfani da wasu ƙwaƙwalen AMD Ryzen jerin 7000 suka fara nuna hotunan furosesa da ta kumbura ta ƙone tare da mazauninta. Da aka bincika sai aka tarar matsi ne ya yi yawa a wani sashe nata, kamfanin ya fitar da gyara da ya taƙaita shi a bolt 1.3. A watan Yulin 2024 kuma Intel ya amsa cewa wasu ƙwaƙwalensa na zubi na 13 da na 14 suna neman matsin da ya wuce kima saboda kuskure a umarnin da ke cikinsu, abin da ke sa su tsufa da wuri su riƙa tsinkewa ana cikin aiki. Ya fitar da gyara a watan Agusta da ya hana neman matsi sama da bolt 1.55, ya kuma ƙara shekara biyu a kan garantinsu. Wadda ta riga ta lalace kuwa gyaran ba ya dawo da ita, sai dai a sauya.

Idan kamfanonin da ke da dubban injiniyoyi sun yi tuntuɓe a kan ɗigon bolt, ina ga wanda ya kalli bidiyon minti goma? Kuma su can an mayar musu da sabuwa. Ɗan gwanjo ba shi da garanti, wanda ya sayi sabuwa ma garantinsa ba ya ɗaukar ɓarnar ƙure gudu. Intel ya taɓa sayar da wata kariya ta musamman don haka, amma ya daina a 2021.

Ɓarnar kuma ba kullum take zuwa da hayaƙi ba. Zafi da matsi suna zaizaye siraran hanyoyin ƙarfen da ke cikin furosesa a hankali, kamar yadda ruwan sama ke cin gefen hanya. Ƙananan kwanson ajiyar lantarki da ke kan allo da cikin akwatin wuta su ma, bisa ƙiyasin da injiniyoyi ke aiki da shi, rayuwarsu kan ragu da rabi a duk ƙarin digiri 10. Mafi muni shi ne kuskuren da ba ya sallama: na'urar da ba ta zauna daidai ba tana iya rubuta fayil a gurɓace ba tare da ta nuna alama ba. Na ga haka ga wata ɗalibar digiri na biyu da ta shafe watanni tana naɗar maganar tsofaffi a ƙauyukan da ke kewaye da Dutse don nazarin karin harshe. Ta kai sautukan wani shago a tace mata su a kan kwamfutar da aka ƙure wa gudu, aka kuma goge na asali don a sami wuri. Da ta zo nazari, da yawa daga fayilolin sun ƙi buɗuwa, kuma biyu daga cikin dattawan da ta naɗa sun riga sun rasu. Kuɗi kan sayi wata furosesa, amma ba ya sayo waccan murya.

Abin da ya kamata a auna

Ga wanda ya ce lalle sai ya gwada, matakan ba su da tsada. Da farko ya kwafe muhimman ayyukansa ya ajiye a wani wuri daban. Sannan ya sa ɗaya daga cikin manhajojin kyauta irin su HWiNFO ko HWMonitor ko Core Temp, waɗanda ke karanta ma'aunan da kamfani ya dasa a cikin furosesa. Ya rataye ma'aunin zafi a bangon shagonsa, ya kuma sami ƙaramar mita ta auna matsin soket. Kafin ya canza komai, ya ɗora wa na'urar aiki mai nauyi da manhaja irin Prime95 na kamar awa guda, ya rubuta mafi girman zafin da ta kai, da matsinta, da gudunta, da zafin ɗakin a lokacin.

Lokacin gwajin shi ne maƙasudin maganar. Gwajin da aka yi da asubahin Janairu shaidar zur ce. A yi shi da tsakar ranar bazara, a wurin da na'urar ke aiki kullum, da irin wutar da take sha kullum. Idan tun a saitin kamfani ta haura digiri 85, magana ta ƙare, babu rarar da za a ƙure. Idan da rara, a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, abu ɗaya a lokaci guda, ana gwadawa ana rubutawa a littafi. A kuma sa ido a kan layin bolt 12 na akwatin wuta: ƙa'idar da aka daɗe ana bi ita ce kada ya kauce da fiye da kashi 5 cikin ɗari, wato tsakanin 11.4 da 12.6. Sitabilaiza da na'urar UPS ba ado ba ne a nan, su ne katangar gida.

Yana da kyau a sani cewa galibin kwamfutocin tafi-da-gidanka da na ofis irin na HP da Dell da ke cika kasuwanninmu a kulle suke, ba a iya ƙure musu gudun furosesa. A wajen Intel galibi sai masu harafin K a lambarsu, tare da allon da ya dace. Don haka idan wani ya karɓi kuɗinka ya ce ya buɗe wa irin waccan na'ura gudu, ka nemi ya nuna maka lambobin kafin da bayan aikin.

Ina mafita?

A ganina dabarar da ta dace da ƙasarmu kishiyar ƙure gudu ce, wato rage matsi. A na'urorin da suka ba da dama, idan aka sauke matsin furosesa kaɗan ba tare da an taɓa gudunta ba, zafi kan sauka, fanka ta huta, batir ya ƙara daɗewa, kuma sau da yawa aiki ya fi sauri tunda na'urar ta daina ja da baya saboda zafi. Shi ma sai da gwaji, domin idan ragin ya yi yawa tana tsinkewa. Bayan wannan, hure ƙura a ƙarshen hunturu, sabunta man da ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya, ɗaga kwamfuta daga kan katifa ko darduma, sauya tsohon faifan ajiya da na SSD, da ƙara ma'adanar RAM, duk sun fi ƙure gudu riba ga mai tsohuwar na'ura.

Maganar ta wuce shago ɗaya. Jigawa na cikin jihohin da suka fara rungumar fasahar sadarwa, tun zamanin Gwamna Ibrahim Saminu Turaki, daga 1999 zuwa 2007, lokacin da aka kafa cibiyar Informatics a Kazaure. An kafa Jami'ar Tarayya ta Dutse a 2011, hukumar JAMB kuma ta mayar da jarrabawarta kacokan kan kwamfuta a 2015, abin da ya sa makomar dubban 'ya'yanmu ta rataya a kan ɗakunan da ke cike da ɗaruruwan na'urori, a jarrabawar da kan faɗo a tsakiyar bazara. Waɗannan ba a ƙure musu gudu ba, amma zafi da matsi ba su san wannan ba. Ina kira ga shugabannin makarantu da ma'aikatu da su sa ma'aunin zafi da na matsi da tsarin sanyaya ɗaki a cikin kowace kwangilar sayen kwamfuta, a kuma ɗora wa wani ma'aikaci alhakin rubuta abin da ma'aunan suka nuna kowace rana. Ina kuma kira ga sassan kimiyyar kwamfuta da na Hausa a manyan makarantunmu da su zauna tare da ƙungiyoyin masu gyara, su fitar da ɗan littafi da Hausa mai daidaitattun kalmomi da lambobin da aka gwada a yanayinmu.

Mahayin kirki ba ya ƙure doki sai ya san ƙarfinsa, in ya ƙure shi kuma idonsa na kan gumi da numfashinsa. Kwamfuta ba ta haki, ba ta gumi, lambobi kawai take da su na faɗin halin da take ciki. Wanda ya koyi karanta su ya tsira da jarinsa da aikin mutane. Wanda ya ƙi kuwa, Hausawa sun riga sun faɗa masa: kowa ya ɗebo da zafi, bakinsa.